Ta Ce In Wanke Karen da Maganin Auduga

A lokacin ina da goyon fari, yarinyata ta fara rarrafe, maigidana kuma direban motar kaya ne tsakanin Garuwa da Ngawundere, sai ya yi kwanaki ba ya gida. Ni mace ce mai yawan fargaba, ko tari yarinyar ta yi sai in kasa cin abinci. Saboda zaman ni kaɗai ya kawo mana kare, ja mai farin ƙirji. Ban taɓa son kare ba, amma haushinsa ne yake sa hankalina ya kwanta. Abu ɗaya ne ya tsaya mini a rai, kada wata cuta ta jikinsa ta kama 'yata.

Da damina ta kankama sai ƙaiƙayi ya kama shi. Susa yake har da haƙora, yana goga bayansa da katanga, gashin kunnuwansa ya zube, fatar ta yi kauri tana tsagewa. Yarinya kuwa da na juya baya sai wajensa. Na kai kukana ga maƙwabciyata, wadda nake kira Adda don ta girme ni, mijinta manomin auduga ne a Pitowa. Ta sha yi mini mita cewa karen yana korar kajinta, amma ban kawo komai a raina ba. Ta ce ƙazuwa ce, in ban yi sauri ba za ta cinye jikin yarinyar. Ta tsiyayo mini maganin feshin auduga a kwalbar lemo, ta ce in zuba a ruwa in wanke shi tas, wai haka kowa yake yi. Na tambaye ta ko ba shi da illa, ta yi dariya ta ce tsoro ya yi mini yawa. Na yi mata godiya har da durƙusawa.

Na ɗaura leda a hannu, na haɗa ruwan a roba na wanke shi a tsakar gida. Ban gama ɗauraye robar ba ya fara dalalar da yawu, ƙafafunsa suna karkarwa, ya zube. Ina kansa ina salati, ban lura yarinya ta rarrafo cikin ruwan da ya kwanta a ƙasa ba, hannu a baki. Kafin in ankara ta fara amai, jikinta ya saki. Ko takalmi ban sa ba na fito titi na tare mai moto, wato ɗan acaɓa. A asibiti da na faɗi abin da na yi, ma'aikaciyar jinyar ta kalle ni ta tambaya ko da gaske ni na haife ta. Har yau tambayar nan tana ci mini rai. Allah Ya tashi kafaɗar 'yata. Karen ma ya rayu, wani maƙwabci ne ya wanke shi da sabulu ya kai shi wajen likitan dabbobi, sai dai ƙafarsa ta baya har yanzu rawa take.

Ƙaiƙayin kuwa yana nan. Wata tsohuwa Kirista 'yar kan duwatsu da nake sayen gyaɗa a wajenta, su da suka saba kiwon kare, ta ce in dafa ganyen dalbejiya, ruwan ya huce in riƙa yi masa wanka, in shafa man kaɗanya inda fatar ta tsage, in ƙone tsumman da yake kwana a kai. Wannan karon sai da na tambayi likitan. Ya ce in yi, ya haɗa masa da allura. A hankali susar ta ragu, gashi ya dawo. Bishiyar tana ƙofar gidana duk wannan lokacin.

A bakin famfo na ji sauran. Adda ba ta ga isowata ba, tana gaya wa mata cewa ita so ta yi unguwa ta huta da haushin karen, kuma ai ba ita ta zuba ba, wawiyar ce ta zuba da hannunta. Matar da mijinta ba ya shiga ɗaki bayan feshi sai ya yi wanka ya canja kaya! Ta sani sarai, kuma ta san akwai mai rarrafe a gidan. Na ɗebi ruwana na koma gida, na jira. Ranar wani suna, gida cike da mata, ta miƙo hannu wai za ta ɗauki 'yata. Na ce ta janye hannunta. Na miƙe na zayyana komai da Hausa, na sake da Fulatanci don kada wata ta ce ba ta ji ba. Ta tashi ta bar abincinta a kwano. Daga ranar babu uwar da take barin ɗanta ya shiga gidanta, ni kuma daɗi nake ji in na ga ta zo famfo mata sun yi tsit.

Maigidana da dattawan unguwa sun ce in yafe. Nawa laifin na sani, na karɓi magani a kwalbar da ba rubutu don wadda ta girme ni ta ba ni, tsoro ya hana ni tunani. Wannan ina neman gafarar Allah a kansa. Nata kuwa ban yafe ba, mu haɗu a gabanSa. Roƙona gare ku iyaye mata, kada ku sa maganin gona a jikin dabba ko wa ya ce ku yi, ku tambayi likitan dabbobi tukuna. Kuma don Allah kada kowa ya rubuto yana ba ni haƙuri.