Faɗuwar Kawu a Hamdara

A fadarmu ta shayi nan Zinder, bayan la'asar ba mu da aiki sai gardamar kach, kokawar nan ta Turawa da ake nunawa a tele. Duk mun san shiri ne, kuma daɗin ke nan: mu zauna mu yi ta caccakar masu shiryawa. Wannan ya ce an ba rago ɗamara, wancan ya ce an mai da gwaninsa mugu ba gaira ba dalili. Ni kuwa na fi kowa baki, har butar shayi na taɓa kifarwa.

Ana nan sai kawuna ya zo daga Droum jinyar ido, ya sauka gidanmu. Tsohon ɗan kokawa ne. Sau ɗaya tak bayansa ya taɓa ƙasa, a Hamdara, kuma a danginmu ba a tada wannan zance.

Ranar da na fara kai shi fada, gwiwar wani ɗan kach na taɓa ƙasa a tele sai Kawu ya miƙe yana kakkaɓe riga.

"An gama ai."

"Kawu, sai an danne shi an ƙirga uku."

"Mutum ya faɗi, ya tashi, ya ci gaba? Ikon Allah!"

Amma kafin mako ya zagayo ya fi mu kamuwa. Wani tsohon ɗan kach mai furfura ya zama gwaninsa. Na ja abokaina gefe na ce duk wanda ya gaya masa shiri ne, ni da shi. Tun da idon ya fara ba shi wahala ban ji dariyarsa ba sai gaban telen nan, kuma ba na so a raba shi da ita.

Sai ga ranar wasan ƙarshe na tsohon. Mu mun san yadda za ta kaya, don al'adarsu ce mai barin fage ya faɗi wa sabon jini. Haka kuwa aka yi. Saurayi ya danne shi, alƙali ya ƙirga uku. Na dubi Kawu. Wallahi tausayinsa ya kama ni.

Telan fadarmu, wanda bakinsa ba ya riƙe komai, ya ce, "Baba, kada ka sa wa ranka, shiri ne fa."

Saura kaɗan in jefe shi da kofi.

Kawu ya juyo. "Kai, ni za ka gaya wa? Tun ranar farko, da idon nan mara lafiya, na ga suna tallafe ƙeyar juna kafin su buga da ƙasa. Shirin bai dame ni ba. Masu shirin ne ba su da kunya! Tsoho zai ajiye kokawa, ka sa ɗan cikinsa ya hau ƙirjinsa gaban jama'a? Mu a wajenmu ƙarami ne ke faɗuwa."

Na ce a hankali, "Kawu, Hamdara fa?"

"Mutumin da muka kama da shi ya tsufa a fage, ƴaƴansa na tsaye suna kallo. Da hannu ɗaya zan iya kada shi." Ya miƙo mini kofinsa. "Har ya rasu bai sani ba. Zuba mini, ka rage sukari."