Wiskin da Rosemary Ta Zaɓa

Duk wanda ya taɓa ɗinka anko a Kafanchan ya san shagon Rosemary, can bayan kasuwa ta wajen masu citta. Tela ce, kuma ita ke ba da waƙa a Zumuntar Mata. Tun tana budurwa take taka keken ɗinki, da shi ta kai 'ya'ya huɗu makaranta, kuma ba a taɓa jin muryarta a faɗan maƙwabta ba. In ana neman misalin matar kirki a cocinsu, ita ake nunawa. Sai dai in an gama nunawa akan rage murya a ce, “Ayya, ba don mijin ba.”

Mijin shi ne Leonard, tsohon ma'aikacin reluwe. Ƙuruciyarsa a taragon cin abinci ya yi ta, da farar riga da tire, yana zuba wa manyan mutane wiski tsakanin Kafanchan da Fatakwal. Da harkar jirgin ƙasa ta ja baya sai ya dawo gida da ɗan fanshonsa. A faɗi gaskiya, ba mashayin faɗawa kwata ba ne. Ƙwarya biyu ta burkutu ran kasuwa, ya dawo yana fito, ya share tsakar gida, ya tsokani matarsa har sai ta yi dariyar da ba ta shirya ba. Amma a cocin Rosemary, mai ƙwarya ɗaya da mai tulu guda hukuncinsu ɗaya ne. Tana son mijinta, so na gaske, tana kuma jin kunyarsa a gaban mutane, haka ta haɗa biyun ta riƙe har suka tsufa.

Shekarar da ƙafafun Leonard suka fara kumbura, likita ya ce zuciya ce ta gaji, a shekarar ce babban ɗansu Clinton, mai aiki a Abuja, ya biya wa uwarsa kujerar ziyarar Urushalima tare da 'yan cocinsu. Ta ce ba za ta bar marar lafiya ta tafi ba. Leonard ya ce sai ta je, don yana da saƙo.

Ashe duk shekarun da ya yi yana zuba wiski, bai taɓa ɗanɗana na gaske ba. Dokar aiki ta hana, shi kuwa yana tsoron kora. Iyakarsa ya sunsuna murfi kafin ya mayar. Akwai wani iri da ƙamshinsa bai taɓa barin hancinsa ba, kuma ya ce na shagunan gari bai yarda da su ba, sai na kantin filin jirgi, inda ba a biyan haraji kuma ba a haɗa wa kwalba ruwa.

“Maman Clinton, ka ji ni da kyau,” in ji shi, don a bakin Leonard mace da namiji duk “ka” ne. “Kar ka bi kyan kwali, kwali ba a shan shi. Ka duba lamba a gaban kwalba, shekarun da ya kwana a ganga ke nan, kar ya kasa sha biyu. Kuma ka ce su ba ka ka sunsuna. In ka ji kamar kicin na ciyawa da aka daɗe ana girki a ciki, to shi ne.”

“Baban Clinton! In je Ƙasa Mai Tsarki in dawo da giya?”

“Ba sha zan yi ba fa. Cokali ɗaya, in san abin da na yi ta ba mutane.”

Ba ta ce masa e ba. Amma ta ga yadda numfashi ya yanke masa kafin ya kai ƙarshen maganar, ta kuma san ba zai sake roƙonta wani abu mai yawa ba a duniya.

Ta je, ta ga abin da ta yi shekaru tana rerawa. Ta yi kuka a bakin Kogin Urdun, ta yi wa Leonard addu'a a duk inda aka tsaya. Ran dawowa aka auna akwatuna aka shige da su, da ruwan Urdun da man zaitun a ciki, kowa ya rage daga shi sai jakar hannu. Mata suka bazu cikin kantunan filin jirgi sayen turare da cakulan. Rosemary ta ce za ta kewaya, ta sulale.

Kwalabe ne tun daga ƙasa har sama, fitila na haska su. Ta tsaya da ankonta a jiki kamar wadda ta shiga ɗakin surukai ba sallama. Na farko da ya ja idonta kwalinsa ruwan zinariya ne, ta juya shi gaba da baya ba ta ga lamba ba, ta mayar. Wata yarinya mai sayarwa ta matso, Rosemary ta haɗa Turancinta ta ce na mijinta ne, yana son mai warin hayaƙi. Yarinyar ba ta yi dariya ba. Ta ɗiga mata a 'yan ƙananan kofuna. Na farko zaƙi-zaƙi kamar zuma, na biyu ya sa ta atishawa. Da ta kai na uku hanci, sai ga kicin ɗin mahaifiyarta a ƙauyensu na wajen Kauru, da baƙin jinka da dawa rataye a saman murhu. Ta duba gaban kwalbar, sha shida. Ta juye sauran guzurinta duka ta biya, ko tsarabar jikoki ba ta tuna ba.

Yarinyar ta sa kwalbar da rasit a wata leda, ta liƙe bakin, ta ce kada a buɗe sai an isa gida. Rosemary ta gyaɗa kai. A zatonta gargaɗi ne kada ta sha a jirgi, ita da ko burkutu ba ta taɓa kai wa baki ba.

Tana fitowa ta hango Mama Dinah, shugabar Zumunta, tafe da Rabaran ɗin cocinsu. Leda kuwa fara ce tas, ana ganin komai. An ce tsoro na daji, kunya na gida, to Rosemary ta ɗauko tata kunyar ta gida ta tsallake teku da ita. Ta faɗa banɗaki, ta yage ledar da haƙori, ta jefar da ita da kwalin da rasit ɗin, ta naɗe kwalbar a zanin anko ta tura can ƙasan jaka. Ta fito tana jin ta yi dabara.

Jirginsu ba kai tsaye ba ne, sai da suka sauka a wata ƙasa don canji. A nan aka sake jera su a layin bincike. Jakarta na shiga na'ura aka ja ta gefe. Jami'in ya warware zanin a gaban kowa, ya ɗaga kwalbar sama, ya tambayi ina ledarta. Ya ce da tana liƙe da rasit a ciki da ta wuce lafiya, amma a haka ruwa mai yawan wannan ba ya shiga jirgi. Garin neman gira an rasa ido.

Rosemary ta durƙusa. Matar da ba ta taɓa ɗaga murya ba ta yi ta roƙo da Turanci da Hausa da yarensu, tana cewa mijinta ba lafiya, cokali ɗaya kawai yake so. Jami'in ya ba ta haƙuri, ya sa kwalbar a kwandon abin da aka ƙwace. Mama Dinah ta riƙe baki, Rabaran ya dubi takalminsa. Ana ta kiran jirginsu, ba ta da abin sayen wata. Ta yi kuka har Abuja.

Labari ya riga ta isa Kafanchan, don waya ba ta jiran mota. Da keke-napep ya sauke ta a ƙofar gida, Leonard na zaune a baranda, ƙafafunsa a kan kujera 'yar tsuguno. Ta durƙusa gabansa.

“Wanne ka zaɓa?” ya ce.

Ta faɗa masa, da lambar da ƙamshin. Ya lumshe ido ya daɗe.

“Shi ne. Kai, Maman Clinton, ka iya zaɓe.” Sai ya kamo hannunta. “Sun ce ka durƙusa a gaban Rabaran, kowa yana gani, ka ce na mijina ne. Haka ne?”

“Haka ne.”

“To ya ishe ni. Dokar turawa ce, ba laifinka ba.”

Maganar leda ba ta zo masa ba, don masu gulma kwalba suka gani, ba su damu da leda ba. Rosemary ta buɗe baki za ta faɗa, ta ga farin cikin da ke fuskarsa, ta rufe. Clinton ya yi alkawarin aiko da wata kwalbar ta hannun wani abokinsa mai dawowa daga waje bayan Kirsimeti, amma Leonard bai kai Kirsimeti ba. A 'yan makonnin da suka rage masa, duk wanda ya zo dubiya sai ya zaunar da shi ya ba shi labari, cewa matarsa ta riƙo masa kwalba a hannu tun daga Ƙasa Mai Tsarki, ba ta ɓoye ba, ba ta ji kunyarsa ba. Rosemary na daga kicin tana ji, zuciyarta na karyewa kowane lokaci, ta share hawaye da bakin zani ta kawo wa baƙo ruwa.