Jatan Landen da Aka Yi wa Aski

Na yi safarar doya, na yi ta riɗi, amma cinikin da har gobe ba zan manta ba na jatan lande ne.

Lokacin wayar salula ta fara shigowa garin Lafiya. Malamin bayoloji na makarantar 'yata, can Bukan Sidi, ya same ni a rumfa. Yana son jatan lande manya, ɗanyu, ɗalibai za su feɗe a jarrabawa. Na ce ya ɗauka an gama. Ni kuwa magana ɗaya nake yi, ita ce jarina.

Ana gobe jarrabawa na yi sammakon Makurdi, wajen wata mai kifi da muka daɗe muna hulɗa. Na zaɓa, na tafi cin abinci, ta ɗaure mini kaya a kula. Ina isowa Lafiya malam ya buɗe, ya dafe kai. Ashe don karamci ta gyare su tas! Ba kai, ba ƙafa, ba gashin baki.

"Alhaji, miya na ce za mu yi? Abin da aka yar ɗin nan shi ne jarrabawar!"

Zama ya gagare ni. Yara aji guda, har da tawa, za su wayi gari ba abin feɗewa, kuma da sunana. Na sake faɗawa motar Makurdi. Ga wayar a hannu, ba sabis. Direba ya tsaya ɗaukar fasinja, na ji kamar in ƙwace sitiyari.

Na tarar mai kifin tana kwashe kaya. Da ta ji bayani ta saki baki, ta ce da 'yar Hausarta: "Alaji, kai ne suna so? Kai ɗin da kaji yana ci?" Ta yi dariya har da hawaye, sannan ta ja ni bakin ruwa wajen masunta. Da ransu na ɗauko su a jarka, ruwa na fantsamar mini a riga har gida, na damƙa wa malam.

Washegari 'yata ta dawo tana ƙarni, ta ɗaga ɓawon wani da ya rage da tsinke. "Baba, ka ga inda yake numfashi? Gashin nan kuma da shi yake laluben hanya."

Tun ranar, ko gishiri aka ce in kawo sai na tambaya me za a yi da shi, na kuma faɗa wa mai sayar mini. Sharar wani, hajar wani ce.