Bangon Littafin Lissafina

Har in koma ga Mahaliccina ba zan manta da Asabar ɗin da Yaya ya sauya wa motarsa maƙogwaro ba. Ina aji biyu a ƙaramar sakandare a Haɗeja lokacin. Yarinya ce ni mai kunya, ko malami ya yi tambaya na san amsa ba na ɗaga hannu. Sai dai ido gare ni, ba abin da ke wuce ni.

Yaya shi ne babban wanmu, bakanike ne. Yana da wata tsohuwar mota da yake ɗauko buhunan shinkafa da kwandunan kifi da ita daga Guri. Ya riga ya sa mata inji mafi girma, ya sauya salansar hayaƙi, amma kullum ƙorafinsa ɗaya: motar ba ta shan iska yadda ya kamata. Shi ya sa ya samo babban maƙogwaro. Wani bututun ƙarfe ne mai faifai a ciki; in an taka totur faifan ya buɗe iska ta shiga inji, in an ɗaga ƙafa ya rufe.

Da hantsi Inna ta aike ni in kai masa kunu ƙofar gida. Na tarar da shi da abokansa uku sun kewaye injin. Yana neman kwali mai kauri da zai yanka ya sa tsakanin maƙogwaron da bakin injin, don kada iska ta riƙa sulalewa. Ya dube ni.

"Auta, ba ki da tsohon littafi?"

Na ruga na ciro bangon littafin lissafina na bara, shuɗi, mai jadawalin sau a bayansa. Daɗi ya cika ni, yau abina ya yi wa Yaya amfani. Ya ɗora bangon a bakin tsohon maƙogwaron, ya riƙa bubbuga gefen da ƙaramar guduma har rami ya fita, kamar yadda ya saba yi. Hannunsa ne ya bi sabo. Tsohon ya auna, alhali sabon ya fi shi faɗi.

Da ya ɗaure notuna, sai ya murza faifan da yatsa yana nuna wa abokansa. Ina tsaye a gefe riƙe da kwano, haske ya faɗa cikin bututun, na hango shuɗin bakin kwalin ya leƙo ciki. Har lambar bakwai na gani. Duk lokacin da faifan ya juya sai ya goge shi, da wata 'yar ƙara kamar ana buɗe shafi. Su ba su ji ba, suna ta dariya.

"Yau sai ka riga jirgin sama isa Guri!" in ji ɗaya.

Na buɗe baki na rufe. Na ce a raina, wace ce ni da zan gyara wa Yaya aikinsa a gaban abokansa? Wataƙila ma haka ake yi. Na ɗauki kwanona na shige gida. Wannan 'yar tafiyar daga ƙofa zuwa tsakar gida, har yau ina sake yin ta a zuciyata.

Bayan azahar ya fita gwaji a hanyar da ta bi gefen fadama. Damina ce, ruwa ya cika gonakin shinkafa dama da hagu. Daga baya muka ji yadda aka yi. Kwalin ya sha mai ya kumbura, ya naɗe ya tokare faifan a buɗe. Yaya ya ɗaga ƙafa, mota ta ƙi lafawa, ga garken shanu yana tsallaka titi, da wata mata a bayansu da tallan nono a ka. Bai ga wata mafita ba, sai ya karya sitiyari ya faɗa gonar shinkafa. Motar ta kife. Masunta ne suka ciro shi, laka har cikin kunne, hannunsa na dama ya karye gida biyu.

Kwana uku ban iya haɗa ido da shi ba. A rana ta huɗu wani abokinsa ya kwance maƙogwaron ya kawo masa abin da ya samu a ciki. Ina shara a bakin ɗaki na ga guntun shuɗin kwali a tafin Yaya. Tsintsiyar ta suɓuce mini.

"Yaya, na gani," na ce. "Tun ranar na ga yana gogar faifan."

Ya dube ni. Na so ya yi mini tsawa, da ya fi mini sauƙi.

"Kuskuren nawa ne, Auta, ni na auna ba daidai ba. Amma me ya hana ki faɗa?"

"Kunya na ji."

"Da kin faɗa, da abokaina sun yi mini dariya kwana biyu, shi ke nan." Ya dubi hannunsa da ke ɗaure da karare. "Wannan kuwa sai yadda Allah Ya yi."

Hannun ya warke, amma bai sake miƙewa sosai ba. Yaya yana aikinsa har yau, sai dai babban noti sai wani ya kwance masa. Bai taɓa tayar mini da maganar ba. Guntun kwalin yana cikin akwatina, lambar bakwai ɗin ta dushe.

A da ina zaton duk shiru ladabi ne. A ranar na gane cewa wani shirun tsoro ne kawai, kuma wani ne ke shan wahalarsa. Har yanzu ina da kunya, muryata ma takan yi rawa. Amma in idona ya ga abin da zai cutar da mutum, ko a gaban wa nake, ina faɗa.