Yaya Bukar, Mai Shayar da Siminti

Bana shekara goma sha biyu ke nan da Allah ya karɓi ran yayana Bukar magini, amma har yau in bazara ta kama, shi ke fara faɗo mini a rai.

Da ginin ƙasa ya tashi, yana shafe soro da makuba don kada ruwa ya ratsa. Da Turawa suka kawo siminti, dattawan unguwarmu ta Hausari suka samo 'yan buhuna, suka ce ya gina wa masallacinmu tankin ruwan alwala, domin tsofaffi sun gaji da jan guga. Ya yi shafensa da rana tsaka, yadda ya saba yi wa laka. Zafi ya shanye danshin tun simintin bai kama jikinsa ba. Washegari aka cika tanki da hantsi, kafin la'asar ruwan ya tsiyaye ta wata tsaga siririya kamar gashi. Dama sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Siminti kaɗan ya rage, in ya sake ɓaci babu wani. Yaya ya yi nazari, ya ce ƙishi ne ya kashe na farko. Ya sake shafe da sanyin safiya, ya kafa masa rumfar zana, ya lulluɓe shi da jiƙaƙƙun buhuna, safe da yamma yana yayyafa masa ruwan randar gidansa.

Matarsa, Ya Falmata, ta ce, "Malam, awaki na kukan ƙishi, kai kana shayar da dutse?"

Ya ce, "Bar shi ya sha, Falmata. Jariri ne."

Ta yi tsaki. Washegari kuma ita ta riga shi kai tulu.

Yanzu ginin siminti ya yawaita, har kan hanyar garin Mamudo. Nakan ga samarin magina sun zuba shi rana na dukansa sun tafi, damina ta zo a jera kwanoni a tsakar ɗaki. Sauri ya haifi nawa. Da Yaya na nan, ba na jin zai yi musu faɗa. Buhu zai jiƙa ya rufe musu, ya wuce abinsa.

Yawancin masu alwala a masallacinmu yau ba su san sunansa ba. Jiya da azahar na cika butata, na sunkuya na shafa gindin tankin, na ji shi a bushe ƙayau. Allah ya shayar da kai daga Alkausara, Yaya. Jaririnka ya girma, yana riƙe da amana.