Irin da Kaka Ta Zuba a Fako

Makon jiya ina gyaran madafa na sauko da zangarniyar dawar da na rataye a saman murhu tun girbin bara. Hayaƙi ya mai da ita baƙa ƙirin. Da na murje ta a tafin hannu, ƙamshin hayaƙi da tsohuwar dawa ya buge ni, sai ga ni a ƙauyenmu kusa da Gozaki, ina 'yar shekara tara, tsaye a madafar kakata.

Mu Hausawa ne, kuma Kirista tun zamanin kakana. Na faɗa maka tun yanzu, don a nan Funtua har gobe akwai mai ganina a hanyar majami'a ya tambaye ni wai daga wace ƙasa muka zo. Daga gona muka zo. Kaka, mahaifiyar babana, ba ta iya karatu ba, amma a kan iri ba mai ja da ita. Kafin a sa lauje a gona takan bi gayaunarta tana zaɓen manyan zangarniyoyi, ta ɗaure su ta rataye a hayaƙi don kada ƙwari su taɓa. Wata kaura ce mai ɗan ja, da ta zo da ita daga gidan ubanta ranar da aka kawo ta. Gidanmu kuma yana da doka tun daga marigayi kakana: iri ba ya fita ƙofar gida sai an gama shuka, shukar kuma ta kama.

Ka san yadda muke shuka. Namiji yana gaba da sungumi yana sara rami, mu mata da yara muna biye, mu zuba ƙwayoyi mu rufe da diddige. Ƙwaya ɗaya ta faɗi a wajen rami, sai ka sunkuya ka tsince ta. To wata Lahadi a ƙarshen bazara mai bisharar ƙauyenmu, wani saurayi mai sanyin murya, ya karanta mana misalin da Yesu ya bayar na mai shuka. Wai mutumin ya fita yana watsa iri, wani ya faɗi a hanya tsuntsaye suka cinye, wani a kan dutse, wani cikin ƙaya, wani ne kawai ya sami ƙasa mai kyau. Bai kai ƙarshe ba Kaka ta ɗaga murya daga bencin mata.

"Yo wannan manomin, wa ya koya mashi shuka? Ba shi da sungumi ne?"

Majami'a ta kwashe da dariya, ni kuwa na ji kamar in nutse. Mai bishara ya ce, "Inna, misali ne," ya shiga bayanin cewa ƙasar nan zukatan mutane ce, kowa ya duba ko shi wace iri ce. Kaka ba ta damu da ƙasar ba. Mai shukar ne ya tsaya mata a rai. Har muka isa gida tana mita, wai mutum da hankalinsa ya zuba abincin 'ya'yansa a kan hanya. Makonni bayan haka, tana tsakiyar tankaɗe sai ka ji ta ce, "A kan dutse fa!"

A shekarar ruwan farko ya zo da ƙarfi, kowa ya ruga ya shuka, har waɗanda suka juye irinsu kaf. Daga nan sama ta ɗauke. Dawa ta tsiro kamar tsawon yatsa, ta nannaɗe, ta ƙone a kan idonmu. Kaka ba ta taɓa zuba irinta duka a shukar farko ba, saboda haka da ruwa ya dawo muna da abin sake shuka gandun gida da gayaunarta, daidai wa daida, ba ragi. In wannan ma ya lalace, shi ke nan.

Washegari da safe, ƙasa na ƙamshin ruwa, muka ji sallama. Mai shanun da rugarsa ke ƙetaren rafi ne, ya tsuguna a ƙofar gida ya ajiye sandarsa. A damanar da ta wuce shanunsa suka ɓalle daga burtali suka cinye kusan rabin gonarmu, har shi da babana suka je gaban mai unguwa, kuma tun ranar ko gaisawa ba sa yi. Shi ma yana ɗan noma a bayan ruga, tasa shukar ma ta ƙone. Bai nemi babana ba. Kaka ya ce a kira masa, roƙon iri ya zo.

Babana ya ce ya je shanunsa su ba shi iri. Wani dattijon majami'a, abokin babana, yana wajen ya zo aron sungumi, shi kuma ya sa baki da wa'azin da muka ji. Ya ce in ma za a bayar, a fara da 'yan'uwa masu bi, wannan mutumin kuwa fako ne, abin da aka zuba masa asara ce. Kaka ta kalle shi. Sai ta juyo gare ni.

"Ke, kawo ƙwarya."

Babana ya ce, "Inna, dokar gidan nan fa?"

"Wanda ya kafa ta mijina ne, irin kuwa daga gidan ubana ya zo. Mutumin nan da na zaga a majami'a, yau na gane shi. Ba wawa ba ne. Bai tsaya tambayar ƙasa ko ta cancanta ba, ni ma ba zan tambaya ba."

Ni aka ɗora wa ƙwaryar. Dole in bi ta gaban babana kafin in kai ƙofa, shi kuma yana tsaye yana harara ta, jijiyar wuyansa ta tashi. Ina jin tsoro ƙwarai, amma na fi tsoron tsohuwar da ke bayana. Na wuce na juye wa mai shanu a gefen rigarsa. Ya ƙulle, ya ce, "Inna, Allah ya saka," ya tafi bai ko dubi babana ba.

Labari ba ya kwana a ƙauye. Kafin rana ta yi tsaka mutum huɗu sun zo, na majami'a da na masallaci, ba wanda ya koma hannu rabbana. Abin da ya rage bai ishe mu ba. Muka shuka gandu ƙwaya bibbiyu a rami, gayaunar Kaka kuwa aka bar ta ciyawa ta cinye.

Kada ka zaci zan ce maka rumbunmu ya cika ya tumbatsa. Bai cika ba. Kafin wata damanar muna cin tuwo sau ɗaya a yini, sauran kwaɗon zogale da tafasa. Babana ya yi watanni yana gaida mahaifiyarsa a tsaye. Ɗaya daga waɗanda aka ba irin ma niƙa shi ta yi ta tuƙa wa 'ya'yanta. Mai shanu bai shirya da babana ba, bai kuma taɓa taka majami'a ba, dattijon nan kuwa duk Lahadi sai ya tuna wa Kaka. Ita kuma ta ce, "An ce maka sayen shi na yi da dawa?" Ni kaina a lokacin, in yunwa ta murɗe ni, haushinta nake ji.

Kaka ta rasu ina budurwa. Yayyena suka koma noman masara da irin leda mai jan magani da ake sayowa a Malumfashi, aka daina rataye komai a hayaƙi, kaurar Kaka ta ɓace daga gidanmu ba wanda ya lura. Sai da na fara furfura kwaɗayin tuwonta ya taso mini. Na bi masu hatsi a kasuwar Malumfashi da ta Bakori ina kwatance, ban samu ba, har wani tsoho ya ce in gwada rugar ƙetaren rafinmu. Babban yayana ya ce ban isa ba, yanzu zamani ya lalace, manomi da makiyayi kallon tsoro suke wa juna. Na ce masa na ji. Da gari ya waye na hau mashin na tafi.

Mai shanu ya daɗe da rasuwa, ɗansa na tarar, shi ma gemunsa ya yi fari. Na faɗa masa ko ni jikar wace ce. Sai ya shiga madafar matarsa, ya fito da zangarniyoyi uku baƙaƙe da hayaƙi, an ɗaure su irin ɗaurin Kaka.

"'Yar tsohuwa muke ce mata," in ji shi. "Baffa, mahaifina, ya ce kada mu bari ta ƙare."

A nan na zauna a ƙasa na yi kuka, ban ji kunyar kowa ba. Mu masu ƙasa mai kyau muka yar da ita, a fakon aka adana mana ita shekara da shekaru.

Yanzu ina shuka ta a ɗan filin bayan gidana. Shekaranjiya wata maƙwabciya, wadda muka yi shekara biyu ba ma magana saboda awakinta, ta aiko a tambaye ni ko zan sam mata iri. Ɗana, wanda ya yi makaranta yana kuma koyarwa a majami'a, ya ce, "Mama, ke ko taki shukar ba ki yi ba, kuma wannan matar ko godiya ba za ta yi ba."

Na ce masa ya miƙo mini ƙwarya.