Ƙarfen da Ke Idon Auta

Shekara ashirin da uku ke nan Goggo Shiru tana goge daɓen babban asibitin yankin. Ta fara aiki tun likita ɗaya ne ke duba kowa, daga mai ciwon haƙori har mai karaya. Malaman jinya ne suka sa mata wannan suna, domin sai ka wuni da ita ba ka ji muryarta ba, sai ƙarar bokiti a bayanka. Tana da ƙa'idarta: in likita na cikin ɗaki ba ta shiga, in ya taho a baranda sai ta manne da bango har ya wuce. Da wannan ta raini 'ya'ya huɗu bayan rasuwar mijinta, ba a taɓa kiranta ofis don wani laifi ba.

Bana aka buɗe sabon gini. Aka kawo likitan ƙoda, likitan ido, likitan ƙashi, da wata likitar hoto da ba ta girmi 'yar Goggo ta fari ba. Aka kuma kawo wata na'ura fara, kamar bakin rijiya da aka kwantar a gefe, ana tura mutum ciki a ga abin da ke ƙarƙashin fatarsa.

Kafin a fara aiki da ita, mai kula da na'urar ya tara masu shara a bakin ƙofa. Ya ɗaure mabuɗi da igiya mai ƙarfi, ya matsa kusa, ya saki. Mabuɗin ya tashi ya miƙe a iska yana rawa, kamar tsuntsun da aka ɗaure wa ƙafa. Ya ce maganaɗisu ne a ciki, kuma ba ya barci ko an ɗauke wuta. Ya ce ko ɗan ɓurɓushin ƙarfe ne a idon mutum, na'urar na iya juya shi ya yaga idon daga ciki. Aka ba Goggo bokitin roba da sandar mofa ta gugar daɓe wadda ba ƙusa a jikinta. Tun ranar, kafin ta shiga ɗakin sai ta shafa kunnuwanta da ɗankwalinta sau uku ko akwai ƙarfe, ta yi gugarta ba tare da ta juya wa na'urar baya ba.

Goggo na da ƙane ɗaya, mai walda ne, har ya yi furfura ana ce masa Auta. Bayansa ya riƙe, ƙafar hagu ta fara ja. Likitan ƙashi ya ce ba zai taɓa shi ba sai ya ga hoton wannan na'ura. Wata uku yana jiran layi.

Ranar da layin ya zo kansa, da hantsi, Goggo na goge barandar. Ta ji malamar jinya na karanta masa tambayoyi daga takarda: an taɓa yi masa aiki, an taɓa sa masa ƙarfe a ƙashi, akwai wani ƙarfe a jikinsa?

"Babu, Malama," in ji Auta. "Sai dai kaina. Matata ta ce da ƙarfe aka ƙera shi."

Malamar ta yi dariya ta ja layi a takardar. Goggo kuwa sandar ta tsaya a hannunta. Ta tuna wata rana, shekara goma sha biyar baya, da ya shigo gidanta idon dama ja wur. Ɓurɓushi ne ya faɗa masa wajen yankan ƙarfe. Abokan aikinsa sun yi masa abin da masu walda ke yi wa juna: sun ɓalle maganaɗisun tsohuwar lasifika, sun kara a idon, biyu suka fito. Ya ce yana jin akwai na uku. Ita ce ta riƙa gasa masa da ruwan ɗumi har zafin ya lafa. A wurin masu walda, abin da ya daina ciwo ya fita.

Da malamar ta shiga ciki, Goggo ta matsa kusa da benci kamar mai goge ƙarƙashinsa, ta tuna masa a hankali. Ya ce wannan ai tsohon zance ne, hawaye sun wanke shi tuni. Ta ce in bai fita ba fa?

"Yaya, don Allah kada ki ɓata mini," ya ce. "In aka mayar da ni ƙarshen layi, ke za ki riƙa goya ni zuwa shago?"

Aka kira shi. Ya ja ƙafarsa ya shiga ɗakin canja kaya, ƙofa ta rufe.

Goggo ta tsaya da bokitinta. In ta yi magana aka duba babu komai, ta jawo wa ƙanenta wata uku na azaba, ta kuma zama mai sharar da ke koya wa likita aiki. In ta yi shiru, ba abin da take gani sai mabuɗin nan yana rawa a iska. Ta cikin gilashin ƙofa ta hango shi ya fito da rigar asibiti, ana nuna masa ƙofa ta biyu, mai kauri.

Ta ƙwanƙwasa da yatsa. Ba wanda ya waiwayo. Sai ta ɗaga sandar mofa ta buga ƙofar har masu jira suka miƙe.

Likitar hoton ce ta buɗe, fuska a ɗaure. Goggo ta ce:

"Likita, ƙanena ne. Mai walda ne. Akwai ƙarfe a idonsa."

Likitar ba ta yi faɗa ba. Ta tambaya wane ido, tun yaushe, wa ya cire. Daga ciki Auta na cewa yayarsa tsoro ne da ita tun suna yara, ko kyankyaso ba ta iya kashewa. Likitar ta ɗaga masa hannu ya yi shiru, ta sa aka kai shi tsohon gini a ɗauki hoton kansa da ƙaramar na'urar da ake duba karaya.

Rabin awa Goggo ta yi tana goge wuri ɗaya. Da hoton ya zo, likitar ta kira su duka biyu, ta ɗaga shi a hasken taga. A cikin duhun kwarmin idon dama akwai ɗigo fari, bai kai kan allura ba. Ta ce yau Auta ba zai shiga babbar na'urar ba. Sai likitan ido ya gan shi tukuna, batun bayan kuma za su zauna da likitan ƙashi su nemi wata hanya, ba ta san yaushe ba.

Auta ya fito. A baranda ya tsaya, ya rufe idon dama da tafin hannu, ya daɗe yana kallon agogon bango da na hagu kaɗai. Sannan ya sauke hannun a hankali, kamar yana tsoron kada ya taɓa wurin.

"Yaya, riƙe ni," ya ce. "Ƙafar ta mutu."

Ta jingine sandar a bango, ta sa kafaɗarta ƙarƙashin hammatarsa, suka nufi sashen ido.